Stamp Fairtex: 'Yar damben Tailan da sai da ta koyi kokawa kafin ta ɗauki kambun MMA

Ranar 3 ga Disamban 2021 aka haɗa wasu mata biyu a cikin keji a birnin Singafo, kuma masu sharhi da dama sun riga sun gama lissafin yadda za ta kaya. Ɗaya ita ce Ritu Phogat 'yar Indiya, wadda ta buɗe ido a gidan kokawa. Ɗayar kuma Stamp Fairtex ce 'yar ƙasar Tailan, wadda tun tana yarinya naushi da shuri ta sani. Lissafin shi ne, idan aka tsaya a tsaye Stamp ce da nasara, idan kuwa aka kai ƙasa to ta Ritu ce.

A turmi na biyu an kai ƙasa. Wadda ta bubbuga hannu alamar miƙa wuya kuwa Ritu ce, bayan Stamp ta maƙale mata hannu tsakanin cinyoyinta ta banƙare gwiwar hannun.

Masu kallon finafinan Indiya za su gane nauyin abin. Ritu 'yar Mahavir Singh Phogat ce, ƙanwar Geeta da Babita, iyalin nan na jihar Haryana da aka yi fim ɗin Dangal a kansu a 2016. Ita kanta ta ci zinare a gasar kokawa ta ƙasashen Commonwealth a wannan shekarar. Irin wannan mace ce 'yar dambe ta ci a ƙasa, wurin da ake ganin nan ne gidanta.

Yarinyar Rayong

Sunanta na yanka Nadthawan Panthong. An haife ta ranar 16 ga Nuwamban 1997 a lardin Rayong da ke gabar teku a gabashin Tailan. Mutanen ƙasar kan laƙaba wa yaro gajeren suna tun yana jariri, shi ne kuma yake binsa har girma, nata shi ne Stamp, wato kan sarki na wasiƙa. Fairtex kuwa sunan sansanin da take atisaye ne, domin a al'adar damben ƙasar ɗan wasa kan ɗauki sunan sansaninsa ya zama kamar sunan mahaifi.

Ta sha faɗa a hirarraki cewa tana shekara biyar ta fara koyon Muay Thai, damben gargajiyar Tailan, saboda cin zalin da ake yi mata a makaranta kasancewarta ƙarama. Mahaifinta tsohon ɗan dambe ne, don haka ba a je nesa neman malami ba.

Fara dambe a wannan shekarun ba baƙon abu ba ne a karkarar Tailan. Yara ƙanana na hawa dandamali a bukukuwan ƙauye da harabar wuraren ibada, ana caca a kansu, kuma ɗan abin da suka samo yana shiga tukunyar gida. Al'adar na shan suka. A Nuwamban 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya mutu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan wasa a kusa da Bankok, aka yi ta kiraye-kirayen a hana yara hawa dandamali. Iyaye matalauta da masu sansanoni suna da tasu amsar, cewa wannan ce hanyar abincinsu.

Ga yarinya mace kuma akwai wani shingen daban. Manyan filayen dambe biyu na Bankok, Rajadamnern da aka buɗe a 1945 da Lumpinee da aka buɗe a 1956, sun shafe shekaru aru-aru ba sa barin mace ta hau dandamalinsu. Lumpinee sai a 2021 ya buɗe wa mata ƙofa, Rajadamnern kuma a 2022. A wuraren da ake barin mata su yi wasa ma, namiji ya tsallaka ta saman igiya, mace kuma ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin igiyar ƙasa, saboda camfin cewa za ta karya tsarin da aka yi wa fagen. Ma'ana, lokacin da Stamp ke tasowa, duk iyawar yarinya akwai inda za ta tsaya, kuma kuɗin da ake biyanta bai kama ƙafar na maza ba.

Tana kimanin shekara 18 ta koma sansanin Fairtex da ke birnin Pattaya. A can ne ta fara koyon wasan da zai sauya mata rayuwa.

Inda ɗan Muay Thai ke da rauni

MMA gaurayayyen faɗa ne da ya haɗa naushi, shuri, kokawa, shaƙe wuya da murɗe gaɓoɓi. Wanda ya kalli Muay Thai zai zaci 'yan Tailan ne za su mamaye shi, tunda suna duka da hannu, ƙafa, gwiwa da gwiwar hannu. Abin bai zo da sauƙi haka ba.

Matsalar tana cikin tsayuwar kanta. Ɗan Muay Thai yakan tsaya a miƙe, ƙafafunsa kusa da juna, nauyinsa a ƙafar baya, don ya samu ɗaga ta gaba ya tare shuri. Ga ɗan kokawa, wannan tsayuwa gayyata ce. Zai sunkuya ya rungumo cinyoyi biyu ya ɗaga. Kowane shuri da aka kai masa kuma, an miƙa masa ƙafa ce ya kama. A Muay Thai da zarar mutum ya faɗi alƙalin wasa zai shiga tsakani a tashi a ci gaba. A MMA faɗuwar ita ce farkon wahala, kuma turmi ɗaya minti biyar ne.

Abu guda da suke zuwa da shi mai amfani shi ne kokawar tsaye, inda ake sarƙe wuyan abokin karawa da hannu biyu ana jujjuya shi ana zuba masa gwiwa. 'Yan damben Tailan na shafe lokaci mai tsawo kullum a kan wannan atisaye, kuma yana koya wa jiki sanin inda nauyin abokin karawa ya karkata. Sai dai iyakarsa daga ƙugu zuwa sama.

Hukuma ma ba ta yi maraba da wasan da wuri ba. A 2012 hukumar wasanni ta Tailan ta bayyana haramta MMA, tana cewa akwai rashin imani a ciki kuma yana ɓata sunan Muay Thai. Daga baya abubuwa suka sassauta, har kamfanin ONE Championship, wanda Chatri Sityodtong ya jagoranci kafawa a Singafo a 2011, ya kai wasansa Bankok a 2016.

Wannan wasa na farko a Bankok ya nuna matsalar ƙarara. Dejdamrong Sor Amnuaysirichoke, tsohon zakaran Lumpinee wanda ya ci kambun MMA na ONE a 2015, ya hau kare kambunsa a gaban mutanen ƙasarsa. Yoshitaka Naito na Japan ya yi ta jansa ƙasa har ya shaƙe shi a turmi na huɗu.

Kambu biyu, sannan babu ko ɗaya

Stamp ta fara bayyana a 2018 a wata gasar neman sababbin 'yan wasa da Rich Franklin, tsohon zakaran UFC, ke gudanarwa a ƙarƙashin ONE. Daƙiƙa 19 wasan ya ɗauka, shuri ɗaya a ka aka tashi.

Kamfanin bai jira ta ƙware a MMA ba, ya mayar da ita abin da ta sani. Ranar 6 ga Oktoban 2018 ta doke Kai Ting Chuang a Bankok ta karɓi kambun damben naushi da shuri, wanda ba a yarda da gwiwar hannu ko dogon riƙo a cikinsa. A Fabrairun 2019 ta doke Janet Todd ta Amurka a Singafo ta ƙara da kambun Muay Thai. Duka a ajin da nauyinsa bai wuce kilo 52.2 ba. Tana shekara 21 ke nan. Rawar da take takawa a hanyarta ta shiga fage ita ma ta jawo mata mabiya a intanet, har wasu suka san rawar kafin su san damben.

Shekarar 2020 ta kwashe duka. Todd ta rama a Fabrairu, a zauren da babu 'yan kallo saboda annobar korona. A Agusta kuma Allycia Hellen Rodrigues ta Birazil ta ƙwace kambun Muay Thai a Bankok. Akwai masu ganin raba hankali tsakanin wasanni uku ne ya ja mata, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin a tsakanin waɗannan wasanni tana ta karawa a MMA.

Sai farkon 2021 ya ƙara mata da wani. Ta kara da Alyona Rassohyna ta Yukren, gwanar kamun ƙasa. Ana saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, Rassohyna ta sarƙe mata wuya a ƙarƙashin hammata, alƙalin wasa ya tsayar. Stamp ta yi gardamar cewa ba ta miƙa wuya ba, amma hukunci ya tsaya. Rashin nasararta na farko ke nan a MMA, kuma ta hanyar da kowa ya yi hasashe.

A watan Satumba aka sake haɗa su a zagayen farko na gasar mata takwas da ONE ya shirya. Stamp ta ci da ƙyar, alƙalai biyu cikin uku. Ta wuce Julie Mezabarba ta Birazil a Oktoba, sannan ta isa wasan ƙarshe da Ritu Phogat. Abin da ya bambanta a wannan dare shi ne ta daina tsoron faɗuwa. Ta tare yunƙurin kayarwa da dama, kuma da aka kai ƙasa ba ta yi ta fafutukar tashi ba, ita ta kai farmaki.

Dukan hanta

Ladan cin gasar shi ne karawa da Angela Lee, wadda ke riƙe da kambun ajin tun 2016 kuma ta dawo daga haihuwa. An yi wasan ranar 26 ga Maris 2022 a Singafo. A turmin farko Stamp ta sakar mata naushin hagu a kan hanta. Lee ta dunƙule tana ja da baya, kuma a wannan lokaci kambun yana gab da sauya hannu. Lee ta daure, ta samu ta riƙe ta. A turmi na biyu ta kai ta ƙasa, ta yi ta sauya kamu har ta hau bayanta ta shaƙe ta ana dab da tashi.

Wannan wasa ya nuna iyakar abin da shekaru kaɗan na koyo za su iya a gaban wadda ta tashi a cikin kamun ƙasa tun ƙuruciya. Ya kuma nuna wa Stamp inda makaminta yake. Safar hannun MMA ƙarama ce, ba ta rufe ciki kamar ta dambe, kuma mai shirin sunkuyawa ya kamo ƙafa yakan bar haƙarƙarinsa a buɗe. A Mayun 2023, a wasan farko da ONE ya yi a Amurka, a jihar Colorado, shuri a ciki ta yi wa Alyse Anderson wasan ya ƙare.

A ƙarshen Satumban 2023 aka shirya ta da Ham Seo Hee ta Koriya ta Kudu, wadda ta girme ta da shekara goma kuma ta riƙe kambuna a Japan da Koriya. Da farko kambun riƙon ƙwarya za su nema. Amma kafin wasan Angela Lee, wadda ta rasa ƙanwarta Victoria a Disamban 2022, ta shigo ta ajiye kambunta a tsakiyar keji ta sanar da ritaya. Nan take wasan ya zama na cikakken kambu.

Ham ta kai Stamp ƙasa da naushi a turmi na biyu, ta bi ta don ta ƙarasa, sai ta tarar da kanta tana ƙoƙarin ƙwato hannunta daga irin kamun da ya ci Ritu. A turmi na uku Stamp ta koma ciki, ta yi ta zuba naushi har Ham ta durƙushe. Ta zama ta farko a tarihin kamfanin da ta ci kambu a wasanni uku daban-daban.

Gwiwa

Ba ta taɓa kare wannan kambu ba. An tsara za ta kara da Denice Zamboanga ta Filifin a Yunin 2024, ƙawarta wadda suka taɓa atisaye tare a Fairtex. Ana saura makonni, guringuntsin gwiwarta ya yage a wurin atisaye, aka yi mata tiyata a watan Mayu.

Ga mai wasan da ya dogara da murɗa jiki a kan ƙafa ɗaya yana shuri da ɗayar, ga kuma durƙuso da tashi na kokawa, ciwon gwiwa ba ƙaramin abu ba ne. Jinyar ta ja. Zamboanga ta ci kambun riƙon ƙwarya a Janairun 2025 bayan ta doke Rassohyna. Aka sake sa ranar haɗuwarsu, gwiwar ta sake tashi, kuma a Mayun 2025 Stamp ta saki kambun, aka tabbatar wa Zamboanga.

Sai a ranar 16 ga Nuwamban 2025, ranar da ta cika shekara 28, ta sake hawa fage, a birnin Tokyo, bayan fiye da shekara biyu. Ba MMA ta zaɓa ba, damben naushi da shuri ne na turmi uku, inda babu mai kamo ƙafa ya ja ƙasa. Kana Morimoto ta Japan ce ta yi nasara da maki.