Dutsen da Aka Yanka da Zarto

Tun zamanin da, gini da sassaƙaƙƙen dutse sha'ani ne na sarakuna da mawadata, saboda kowane dutse sai magini ya zauna masa da guduma har ya daidaita. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ƙera injunan da ke yanka dutsen farar ƙasa tun a ramin haƙarsa, kowane yanki bisa awo guda tamkar tubalin da ya fito daga hannu ɗaya, sai talaka ma ya sami rabo.

Wanda ya fi shahara da wannan hikima shi ne Fernand Pouillon, masanin fasalin gini Bafaranshe, wanda magajin garin Aljiyas, Jacques Chevallier, ya kira a shekarar 1953. Ya riƙa ɗauko yankakken dutse daga Fontvieille a kudancin Faransa, jiragen ruwa na ƙetarowa da shi, har unguwannin Diyarus Sa'ada da Diyarul Mahsul suka miƙe cikin ɗan lokaci, ba yaɓe, ba fenti, dutsen shi ne bangon, shi ne kuma adon. Sai dai kash, adalcin mai mulkin mallaka bai kai kyan dutsen ba, domin a Diyarul Mahsul ɗakunan Musulmi sun fi na Turawa ƙunci.

Asalin wannan dutse, bisa ƙudurar Mahalicci, ɓawon halittun teku ne da ya kwanta hawa-hawa shekaru aru-aru, har ma wanda ya tsinci gutsurensa a Kalambaina ta Sakkwato yakan ga shatin katantanwa a jiki, ko da yake namu na can, da na Ashaka da Malbaza, wutar kamfanin siminti yake shiga. Ɗabi'arsa kuwa ita ce yana fitowa da danshi da taushi, zarto ya ratsa shi ba wahala, sa'an nan ya taurare idan ya sha iska; kaurinsa kuma yakan shanye zafin rana ya riƙe sai dare, kamar dai soron ƙasa na iyayenmu.

Amma yana da sharuɗɗa: wajibi ne a kwantar da shi yadda aka tarar da shi kwance a rami, don in aka tsayar da shi sai ya riƙa ɓarewa salla-salla, kwaɓin farar ƙasa ya fi dacewa da shi bisa siminti mai tauri, wanda ke tsare danshi a ciki, hayaƙin birni kuwa yakan baƙanta masa fuska, musamman inda ruwan sama ba ya wankewa.