Hatsi kaɗai ba ya isar kaza mai ƙwai



Ɗan uwa mai karatu, wataƙila wannan abu ya taɓa samun ka. Kana ɗibar dawa daga rumbu kullum safe da marece kana watsa ma kaji. Suna ci suna ƙoshi. Amma ƙwai kaɗan ne. In kaza ta kwanta ma ƙwai 12, sai 5 ko 6 su ƙyanƙyashe, ƴan tsakin kuwa ba su da ƙarfi. Wani lokaci ciwo ne ke kawo haka. Amma sau da yawa laifin abinci ne. Ga bayanin yadda abin yake.

Baƙaƙen gina jiki

Cikin kowane abinci akwai abin da ke ba da ƙarfi, akwai kuma abin da ke gina jiki. Mai gina jikin shi ake kira furotin. Da shi kaza ke yin nama da gashi da farin ƙwai. Furotin ba abu guda ba ne. Ƙananan abubuwa ne iri 20 suke haɗuwa su yi shi. Masana suna ce musu asid amine.

Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, ka tuna da allo. In za ka rubuta kalmar "kaza", sai ka samu k da a da z. In babu z, ko kana da k guda ɗari, kalmar ba ta rubutuwa. Haka asid amine suke, su ne baƙaƙen da jiki ke rubutu da su. Kamar guda 10 daga cikinsu jikin kaza ba ya iya yin su da kansa, dole ta same su cikin abinci. In guda ya gaza, sauran ba su da amfani wajen yin ƙwai.

Biyu daga ciki su ne suka fi yin ƙaranci a abincin kaji. Sunansu lizin da metiyonin. Ka riƙe waɗannan sunaye.

Me ya sa saniya ba ta damu ba?

Saniya da tunkiya da akuya suna tuƙa. Cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ke sarrafa ciyawa su yi ma dabbar baƙaƙen da ta rasa. Kaza da zabo ba su da irin wannan tumbi. Abin da ka ba su, shi ke nan.

Alade ma haka cikinsa yake. Don haka a ƙasashen da ake kiwon aladu da yawa, kamar Faransa da Amurka, masana sun daɗe suna wannan bincike kan aladu, har da mata masu ciki da masu shayarwa. Suna sa ɗan bututu a ƙarshen ƙaramin hanji, su auna abin da dabba ta ci da abin da ya wuce bai narke ba. An yi irin wannan awo ga kaji. Abin da aka gano ke nan: ba duk abin da ke cikin tsaba ke shiga jini ba. Wani yana fita cikin kashi, ya zama hasara.

Hatsi, dawa da masara

Cikin awo 100 na masara, furotin kamar awo 9 ne. Dawa tana da kamar 10. Hatsinmu na gero ya ɗan fi su, yana kai 11 ko 12, kuma ya fi su lizin. Kaza mai ƙwai kuwa tana son 16 ko 17 cikin 100. Ka ga ke nan babu ɗaya da ya kai. Duka ukun lizin ɗinsu kaɗan ne.

Wajen narkewa, masara da hatsi suna da sauƙi. Kaza tana amfani da kamar kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na furotin ɗin masara. Dawa kuwa iri-iri ce. Akwai wadda ke da wani abu mai bauri ƙarƙashin fatarta, ana kiran shi tanin. Ka san shi, shi ne ke cikin bagaruwa da majema suke jima da ita. Yadda bagaruwa ke kama fata ta hana ta ruɓa, haka tanin ke kama furotin cikin hanjin kaza ya hana shi narkewa.

Ba kowace jar dawa ke da tanin ba. Ka tauna ƴan tsaba kaɗan. In ka ji bauri yana kama maka harshe, akwai shi. Irin wannan dawa ce tsuntsaye ba su cika ɓarna cikinta ba. A gona alheri ce, amma ga kaza tana da cikas. In ita kake da ita, ka surfa ta, ko ka jiƙa ta cikin ruwan toka ta kwana, ka wanke, ka shanya ta bushe sarai. Wannan yana rage baurin.

Dussa tana da amfani kuma tana da araha. Amma tana da ƙaiƙayi wanda cikin kaza ba ya narkarwa sosai. Kada ta zama ita ce duk abincin.

Abin da ke cike giɓi

Wake yana da furotin fiye da 20 cikin 100, kuma lizin ɗinsa da yawa. Amma ɗanyen wake yana da wani abu mai hana narkewa. Sai an dafa shi an shanya, ko a soya shi sama-sama. Kada ka bari ya ƙone, don wuta mai yawa tana lalata lizin.

Tunkuzar gujiya tana da furotin kamar 40 cikin 100. Ta fi hatsi nesa, amma lizin da metiyonin ɗinta ba su da yawa. Ita kaɗai ba ta cike giɓin. Ka nemi wadda ba a sa ma gishiri da yaji ba.

Tunkuzar riɗi tana da metiyonin da yawa. In an gama ta da wake, kowane ya rufa ma ɗan uwansa asiri.

Garin busasshen kifi, da fara, da gara sun fi duka, don suna da lizin da metiyonin tare. Kifin da ya marmashe a kasuwa ya isa. Gara kuwa kyauta ce: ka cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, ka yayyafa ruwa, ka kife ta kusa da suri. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka ɗauko ka zazzage ma kaji. Amma kada ka ba su farar da aka fesa ma magani.

Hattara da fumfuna. A shekara ta 1960, a ƙasar Ingila, talo-talo kamar 100.000 suka mutu bayan sun ci tunkuzar gujiya mai fumfuna. Daga nan aka gano dafin da ake kira afilatoksin. Duk tunkuzar da ta yi laima ko ta sake wari, a zubar da ita.

Yadda za ka gama

Ka ɗauki gwangwani guda ya zama ma'auninka. Ka auna ɓarzajjen hatsi ko dawa ko masara gwangwani 6. Dussa gwangwani 1. Tunkuza 1. Ɓarzajjen dafaffen wake 1. Garin kifi ko fara rabin gwangwani. Dakakken ƙonannen ƙashi ko ɓawon ƙwai rabin gwangwani, don ɓawon sabon ƙwai ya yi ƙwari. Ka gauraya da kyau. Kazar da ke kiwo a waje, cikin hannu guda da safe, cikin hannu guda da marece ya ishe ta. A aje mata ruwa mai tsabta cikin inuwa.

Ka fi kula da wannan a lokacin rani, sa'ad da ƙwari da ɗanyen haki suka ɓace. Ka kuma fara ba kaza tun kafin ta soma zuba ƙwan da za ta kwanta ma. Ɗan tsako yana kwana 21 cikin ƙwai, kuma ba shi da wani abinci sai abin da uwarsa ta zuba ciki. Abinci mai kyau ba ya hana a yi ma kaji allurar rigakafi, ka nemi ma'aikacin kiwo na garinku.

Uwar gida, ke ma wannan magana taki ce, don kuɗin ƙwai su ke sayen sabulu da gishiri. Ki ware kaji biyu ki gwada musu wannan abinci wata guda. Ki riƙa rubuta ƙwansu cikin littafi, ki gwama da na sauran. Abin da kika gani, ki karanta ma maƙwabta ranar taro.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa ma dabbobinmu yaɗo. Amin.