Askar Gado: Wanzanci da Sanin Tsohon Ƙarfe a Gaya

Gaya ta jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar gari ne na bakin Kogin Kwara, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken ruwa, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa ta gabas. Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya. A irin wannan mahaɗa, in wanzami ya kwance zabirarsa za ka iya ganin askar da maƙerin unguwa ya ƙera tana kwance kusa da wadda ta ƙetaro teku tun zamanin Turawa.

Askar gida daga maƙera take farawa. A da, tama ake narkawa. Yanzu maƙerin baƙi yana neman tsohon sifirin na mota ko magagarin da ya gama aiki, domin ƙarfensu yana riƙe kaifi. Yaro ya kama zuga-zugi, gawayin ƙirya ya yi ja, a ɗauko ƙarfen da awartaki a ɗora bisa uwar maƙera, a yi ta bugu da masaba har baki ya yi siriri, baya ya rage da kauri. Sai a sake gasa shi a tsoma a ruwa ko mai. A nan gwaninta take: in ƙarfe ya sha wuta fiye da kima zai riƙa ɓalgacewa, in bai sha ba zai dakushe tun kafin a gama kai ɗaya.

Maƙeri ya sayar, amma aska ba ta zama aska ba sai ta shiga hannun wanzami. Shi zai zauna da dutsen washi da ɗan ruwa, ya bi da ita gaba da baya, sannan ya goga a fata har ta ɗauke gashin hannu ba tare da an danna ba. Kowace aska da aikinta: askar aski daban, 'yar tsaga ta ƙaho daban, ta kaciya daban. Yaron da ke koyo yakan daɗe yana ɗaukar zabira, yana jiƙa kai da ruwa da sabulu, kafin maigidansa ya ce masa, "Zo, ɗana, ƙarasa ƙeyar nan."

Tsohuwar askar Turai kuwa ninke ta ake yi cikin ƙotarta, kuma tana ɗauke da shaidarta a wuya, wato ɗan ƙarfen da ke tsakanin baki da ƙota. A nan ake buga sunan kamfani da garin da aka yi ta. Garuruwa uku ne suka shahara: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Wanda ya ga Wade & Butcher ko Joseph Rodgers ya san ta Sheffield ce. Thiers-Issard ya fara a 1884, Dovo na Solingen a 1906, don haka mai ɗauke da sunan Dovo ba ta girmi wannan shekara ba. Wata dokar Amurka ta 1890 ta sa aka riƙa rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa can, shi ya sa masu tara aska suke ɗaukar wadda aka rubuta Sheffield kaɗai, ba England, a matsayin mai yiwuwar ta fi tsufa. Jikin ma yana magana. Ta farko-farko mai kauri ce da nauyi, ta baya an rarake gefenta har takan yi 'yar ƙara a kan gemu. Ƙotar ƙaho ko ƙashi ko hauren giwa ta riga ta roba zuwa, sai dai akan sauya ƙota, don haka ƙarfen ne shaida.

Askar gida ba ta da hatimi. Ana gane ta da sawun masaba, da yadda washi ya cinye cikinta, da bakin mai ita da zai ce ta kakansa ce, kuma maƙerin gida kaza ne ya yi ta. Tsatsar sama ana goge ta, amma wadda ta huda baki ko ta tsage ta gama aiki.

Kuɗin shiga sana'ar ba su da yawa: aska, dutse, zabira daga wajen baduku, almakashi, sabulu. Abin samu ma kaɗan-kaɗan yake zuwa. Ana lissafi da dala, wato sefa 5, kuma askin kasuwa ba shi da tsada. Babbar rana ita ce ta suna, inda wanzamin gida yake aske jariri a rana ta bakwai, a sallame shi da kuɗi da nama, wani gidan har da hatsi. Jajiberin salla ma tabarmarsa ba ta rabuwa da mutane.

Wahala ta ƙaru. Tun da Gillette ya samu rajistar rezarsa a 1904, har Bic ya fito da ta yarwa a 1975, aska ke ja da baya. Samari sun koma shagon inji. Tsoron cutar ƙanjamau da ciwon hanta ya sa mutane da yawa suna neman a fasa sabuwar reza a gabansu, kuma suna da gaskiya. Wanzamin kirki ya karɓi wannan, yana tafasa kayansa, yana sauya reza ga kowane kai. Rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 kuma ya rage baƙin da suke zama a yi musu gyaran fuska.

Duk da haka har yanzu ana gaishe da Sarkin Aska, wato shugaban wanzamai, da girmamawa, kuma suna bai cika ba sai wanzami ya zo. Wanda ya gaji zabira, kada ya miƙa ta ga masu sayen ƙarfe a kan kilo. Ya goge askar, ya shafa mata mai, ya naɗe ta inda damshin bakin kogi ba zai kai ba, ya tambayi dattawan gida sunan wanda ya ƙera ta da wanda ya riƙe ta, ya rubuta tun suna raye.