Ƙishirwar Shuka a Cikin Danshi

Duk wanda ya taɓa ganin fangalin da aka shayar da safe, amma kafin azahar alkamar da ke cikinsa ta yi yaushi, bakin ganyenta ya ƙone, wani farin ɓawo kuma ya fito a kan kunya kamar an barbaɗa toka, to lalle ya ga abin da gishiri ke yi wa shuka. Asalin al'amarin kuwa shi ne, bisa ga ɗabi'ar da Allah ya halicci ruwa a kanta, yakan ratsa fatar saiwa ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Muddin ruwan cikin saiwa ya fi na ƙasa kauri, shuka tana sha, idan kuwa ƙasa ta rinjaye ta, sai ta wayi gari tana fama da ƙishirwa alhali tana tsaye cikin danshi.

Shuka ba ta sallamawa nan take. Akwai wani sinadari da take ƙara yawansa a jikinta idan ruwa ya yi wuya, wanda ke sa ƙananan ƙofofin ganye su rufe domin kada ɗan abin da ya rage ya tsere, dabarar da take yi ke nan a lokacin fari. Sai dai dabara ce mai tsada, domin ta waɗannan ƙofofi ne iskar da take haɗa abincinta da ita ke shiga, shi ya sa girma yakan tsaya. Gishirin da ya riga ya kutsa kuwa yakan taru a tsofaffin ganyaye, su bushe, toho ya tsira. A wajen wannan haƙuri sha'ir da dabino sun yi wa alkama nisa.

Hujja a kan haka tana kudancin Iraƙi, tsakanin kogunan Dijla da Furatu, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin ruwan sama, inda rana ke ƙafar da ruwan ban-ruwa ta bar gishirinsa shekara bisa shekara. A 1958 masana biyu, Thorkild Jacobsen da Robert Adams, bayan nazarin allunan yumɓu na Sumeriyawa, suka bayyana cewa wajen shekara ta 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, alkama kamar sudusin amfanin gona ce a birnin Girsu, zuwa 2100 ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, zuwa 1700 kuwa an daina nomanta a kudu, sha'ir ya gaje gonaki. Wasu malamai sun yi musun wannan fassara, amma ni a ganina ta dace da abin da aka sani na halin hatsin biyu.

A zamanin Abbasiyawa ma matsalar ba ta kau ba, domin attajiran Basra sun tara dubban bayi, galibinsu Zanju daga gabashin Afirka, suna kankare ɓawon gishiri da hannu don ƙasar ta nomu, aikin da a haƙiƙa ba shi da ƙarshe tun da gishirin daga ƙarƙashi yake tasowa, ba ya kuma tafiya sai an wanke shi an haƙa masa magudana. Tsananin wannan wahala na daga cikin sabubban tawayen da suka tayar a 869 ƙarƙashin Aliyu ɗan Muhammadu, tawayen da masanin tarihi Ɗabari ya ba da labarinsa dalla-dalla, ba a kuwa iya murƙushe shi ba sai a 883.