Ƙaguwa Mai Kama da Gizo-gizo: Rayuwarta, Kamunta da Cinikinta

Kowa ya san ƙaguwar nan da a ke gani a bakin rafi. To, a cikin teku akwai wata 'yar'uwarta wadda Turawa su ke kwatanta ta da gizo-gizo, saboda tsawon ƙafafunta da sirantarsu. An fi kama ta a gaɓar Tekun Atlantika, watau a Faransa da Sifen da kudu maso yammacin Ingila. Mutanen can suna ƙaunar namanta ƙwarai, masunta da yawa kuwa da ita su ke ciyad da iyalinsu.

Ƙafafunta goma ne, biyu na gaba suna da baki kamar awartaki. Bayanta ɓawo ne mai ƙayoyi, tsawonsa ya kan kai santimita 20. Sa'ad da ta ke ƙarama ta kan tsinko ciyawar teku ta maƙala a bayanta, don kada manyan kifaye su gane ta. Da ya ke ɓawon ba ya miƙewa, ba ta iya girma sai ta yi saɓa kamar maciji, ta fito da sabon ɓawo mai taushi. Haka za ta yi ta yi har wajen shekara biyu, sa'an nan ta yi saɓar ƙarshe, ta balaga. Daga nan girma ya tsaya, ko ƙafa ta karye ba ta sake tsirowa. Macen ta kan riƙe ƙwanta a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe.

Kowace shekara ta kan yi ƙaura. In sanyi ya gabato sai ta gangara cikin zurfin teku, in ruwa ya fara ɗumi kuma ta komo kusa da gaɓa don haihuwa. Masunta sun san hanyoyin nan, can su ke kafa mata raga, ko su nutsad da gura da guntun kifi a ciki.

Sanin halinta shi ne tushen dokokin kamunta. In aka kwashe ƙanana tun ba su haihu ba, baɗi me za a kama? Saboda haka dokar Tarayyar Turai ta hana a fito da wadda ɓawonta bai kai santimita 12 ba, tilas a mai da ita ruwa da ranta. A lardin Galisiya na Sifen an hana kama mace mai ƙwai, ba a kuwa buɗe kamun sai watan Nuwamba. Wadda ta yi saɓa kwanan nan ma asara ce a kama ta, gama cikinta ruwa ne, naman kaɗan.

Cinikinta yana da wuya, domin in ta mutu nan da nan ta ke lalacewa. Don haka da ranta a ke kai ta kasuwa, cikin manyan motoci masu tankunan ruwan teku. Masuntan Kwanwal, a Ingila, sun daɗe suna aika mafi yawan abin da suka kama zuwa Sifen da Faransa, don mutanen ƙasarsu ba su damu da ita ba. A shekarar 2021, bayan Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, takardun kan iyaka suka ƙaru, motoci suka riƙa makara. Sai masuntan suka nemi kasuwa a gida, har suka laƙaba mata suna Sarkin Ƙaguwa na Kwanwal, wai sunan gizo-gizo ne ya ke korar masu saye.

Abin lura a nan biyu ne. Wanda ya bar ƙarama ta girma, kansa ya yi wa ajiya. Wanda kuma ya dogara ga kasuwa ɗaya tak, ran da ta rufe ya shiga uku.