Kafin Sabon Murhu Ya Shigo, A Gyara Masa Wuri

 Yau hirarmu a madafi take. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin gas da kananzir suka yi sama, gidaje da yawa a Fagge da Sabon Gari suka koma wa itace da gawayi. Wasu kuma sun sayi murhun zamani mai tattalin makamashi, irin su Save80, wanda sunansa ya fito daga cewar masu ƙera shi yana rage cin itace da kusan kashi 80 cikin 100. To amma fa 'yar'uwa, murhu komai kyansa, in aka ajiye shi a wurin da ba a gyara ba, hayaƙin nan dai ke za ki shaƙa.

Kada ki ɗauki maganar hayaƙi da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Wa ke wuni a gaban murhu? Ke ce, da goyon da ke bayanki. Yawan tari, ciwon ido, da ciwon haƙarƙari na yara duk suna da alaƙa da shi.

Farko, ki bar tsohon murhu ya huce sarai, ya kwana babu wuta. Ki kwashe toka a kwanon ƙarfe, ban da leda ko kwali, domin garwashi kan ɓuya a cikinta. Ki ɗaura gyale a hanci, ki yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, sannan ki kakkaɓe kunkunniyar da ta taru a bango da rufi. Kunkunniya ba datti ba ce kawai, in ta yi kauri takan kama wuta.

Bayan wuri ya fito fes, sai ki duba ginin. Akwai tsaga a jikin murhu ko bangon bayansa? Ki ƙwanƙwasa da cokali, in kika ji kamar ganga, to yaɓen ya saki. Ƙaramar tsaga ke ma za ki iya toshewa da jar ƙasa kwaɓaɓɓiya, a haɗa da toka da ɗan ƙaiƙayi. Siminti zalla ba ya jimirin wuta, tsagewa yake yi, don haka kada a shafe cikin ramin wuta da shi. Babbar tsaga kuwa aikin magini ne. Ki yi wa maigida magana ya kawo birkila, a sa ranar da yake gida. Masu zaman haya, musamman a benayen Sabon Gari inda ake tarayya a kicin ɗaya, a nemi yardar mai gidan da ta maƙwabta kafin a fasa bango.

Sai mazaunin murhun. Ya zama a miƙe, babu karkata. Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗora faranti da ruwa a wurin, in ruwan ya gangara gefe guda, sai a cike. Murhun da ke rawa shi ke kifar da tukunyar tuwo a ƙafar yaro. Kuma kafin a je saye, ki auna faɗin wurin da gindin tukunyarki da zare, ki ƙulla, ki ba wanda za ki aika. Ko a Kasuwar Sabon Gari za a saya, ko wajen maƙeri za a yi, zaren nan ya fi kwatance da baki. Wasu murahun da tasu tukunyar suke zuwa, a tambaya tun a can.

Yanzu ga uwa uba, hanyar hayaƙi. Gidajen Fagge da yawa a matse suke, an rufe tsakar gida da kwano don a ƙara ɗaki, hayaƙi ya rasa mafita. In madafinki yana da bututu ko 'yar taga a sama, a zura doguwar sanda a fitar da sheƙar tsuntsu, yana da tsumman da aka cusa lokacin hunturu aka manta. Sannan ki ƙona 'yar takarda a bakin bututun ki tsaya ki gani. In hayaƙin ya bi sama, hanya ta buɗe. In ya dawo fuskarki, da sauran aiki. In sabon bututu za a sa, ya wuce saman rufi, a yi masa hula saboda ruwan damina, kuma a bar aƙalla kamu ɗaya tsakaninsa da katako, azara ko zana, domin yana zafi ƙwarai. Kada ki manta, wuta ma numfashi take yi: a bar kafa ta ƙasa, ko a bar ƙofa a buɗe, don iska ta shigo.

Masu murhun gawayi, ku matso kusa. Rashin ganin hayaƙi ba ya nufin babu haɗari. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In kun ji haka, ku fita waje nan take, a buɗe ko'ina, wanda ya galabaita a kai shi asibiti. Kada a shiga ɗakin kwana da kaskon garwashi a rufe ƙofa, ko da sanyi ya yi tsanani, ko don mai jego ne.

In an gama gyara, ki yi haƙuri yaɓen ya bushe sosai, sai launinsa ya yi haske kuma ba ki jin danshi a tafin hannu. Wutar farko ki yi ta ƙarama, da 'yan ƙirare busassu, ki dafa ruwan zafi kawai. Gaggawa ita ke tsaga sabon yaɓe. Daga nan ki riƙa kwashe toka kullum, a kuma share bututu da zarar kin ga hayaƙi ya fara dawowa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ki dubi madafinki yau bayan kin sauke tukunya, ki ga abin da za ki iya da hannunki, sauran ki faɗa wa maigida in ya dawo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.