Daga Doron Baga zuwa Mile One: Kifin da ke biyan haraji kafin ya shiga tukunya

A layin masu busasshen kifi na kasuwar Mile One da ke unguwar Diobu a Fatakwal, kwalaye ne jibge, an ɗaure su tamau da igiya, hayaƙi ya rina gefensu. Masu saye 'yan Kudu suna kiran abin da ke ciki mangala, masu sayarwa kuwa, waɗanda da yawansu Hausawa ne da Barebari, banda suke ce masa. Haka abin yake a kasuwar Ose da ke bakin Kogin Neja a Anacha, haka kuma a Ogbete ta Inugu. A duk wuraren nan sunan da ke sa kifi daraja shi ne a ce na Maiduguri ne, alhali Maiduguri zango ce kawai. Asalinsa Tafkin Chadi, ta mashigar Doron Baga a Ƙaramar Hukumar Kukawa, kusan kilomita 200 arewa maso gabas da birnin.

Mai karatu da ya saba jin labarin tafkin a ɗakunan taro na Abuja ya haddace jimla ɗaya: Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Akwai gaskiya a ciki. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da na 1980 suka tsuke shi har ya rabu gida biyu, ɓangaren arewa da na kudu. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne ruwan bai ci gaba da janyewa ba. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, wanda mujallar Scientific Reports ta wallafa a 2020, ya nuna cewa tafkin bai ƙara raguwa ba a shekaru ashirin da suka gabaci binciken, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyayi. Kogin Shari da Lagone, waɗanda ke kawo kusan kashi 90 na ruwan da ke shiga tafkin, suna nan suna zuba, Komadugu Yobe na taimakawa ta arewa.

Farin ya sauya irin kifin da ake kamawa. Da ruwa ya ja baya, kifi ya taru a ɗan abin da ya rage, masunta suka yi kamun da ba su taɓa yi ba na 'yan shekaru, daga baya irin da ke son buɗaɗɗen ruwa ya yi ƙaranci. Waɗanda suka jure rayuwar fadama su ne tarwaɗa da karfasa da bargi, kuma su ne suka cika kwalayen da ke Mile One a yau. Kayan aiki ma sun bi yanayi. Ban da kalli da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, sai ga gura, tarkon da masunta 'yan Mali suka kawo, da dumba, wato jerin gura da ake datse hanyar ruwa da shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Dumba tana kama babba da ƙarami, shi ya sa take haddasa rigima a kan wanda ke da ikon ba da wurin kafa ta.

Rayuwar tumbunan tafkin, wato tsibiransa, ba ta rago ba ce. Babu titi, babu asibiti, sauro kuma ba ya hutu. Mutum kan yi awoyi a kwale-kwale yana bin siririyar hanyar da aka sare cikin ciyawa kafin ya ga tudu. Buduma ne 'yan asalin tsibiran, amma tun da aka shigo da komar roba kuma hanyar mota ta haɗa Baga da Maiduguri, masunta daga Kebbi da Sakkwato da Haɗeja, da Jukunawa da 'yan Mali, suka kwararo. Sunayen garuruwa kaɗai sun isa shaida: Dabar Masara, Dabar Wanzam, Tumbun Rago, Doron Naira. Idan ruwa ya cika a yi su, idan ya janye a shuka masara da wake a danshin da ya bari. Bin ruwan nan ne ya kai 'yan Najeriya Darak, suka kafa ƙauyuka a ƙasar da Kotun Duniya ta yanke a ranar 10 ga Oktoba, 2002 cewa ta Kamaru ce, aka kuma miƙa su a Disambar 2003. Masunci bai san layin taswira ba, inda kifi ya nufa nan yake bi.

Kuɗin da ke juya wannan sana'a kuwa galibi daga Kudu yake tasowa. Ɗan kasuwa na Anacha ko Fatakwal kan tura kuɗi ga fatomansa, wato mai masauki kuma dillali, a Baga ko a kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri. Fatoma ya ba masunci bashin koma da injin jirgi da abinci, a kan sharaɗin shi za a sayar wa kamun. A yanyanka kifin, a banda shi a kan wuta, a zuba a kwali, a rubuta alamar mai shi. Ba takarda, ba lauya. Amana ce ke riƙe da sarƙar gaba ɗaya, kuma ta yi shekaru tana aiki fiye da wasu tsare-tsaren ba da rance da aka ƙaddamar da biki a Abuja.

Yaƙi ne ya tsinka ta. Baga ta sha ƙuna a Afrilun 2013. A ranar 3 ga Janairu, 2015 Boko Haram ta mamaye sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke garin, ta yi kisan da har yau ake saɓani a kan adadinsa. Sojoji suka hana kamun kifi da safararsa, bisa hujjar cewa da kuɗinsa mayaƙa ke sayen makamai. Jamhuriyar Nijar ta yi irin wannan a yankin Difa a 2015, ta haɗa da tattasai, ta kuma kwashe mutane daga tsibirai. Da aka sassauta haramcin a Najeriya a 2017, ba a jima ba aka kashe masunta 31 a tsibiran Duguri da Dabar Wanzam. A Disambar 2018 ƙungiyar ISWAP ta sake karɓe Baga, sai a Satumbar 2020 Gwamna Babagana Zulum ya fara mayar da mazauna garin, kuma an kai wa ayarin motocin jami'ansa hari a kan hanya.

Hujjar sojoji ba ƙage ba ce. Rahoton ƙungiyar International Crisis Group na 2019 ya bayyana yadda ISWAP ke karɓar haraji daga masunta da 'yan kasuwa a yankin da take iko, tana ba su izinin shiga ruwa. Sai dai haramci bai hana a ci kifi a Anacha ba. Abin da ya yi shi ne tura fataucin ta ɓarauniyar hanya, ta Nijar ko ta Kamaru ko cikin dare, ya kori ƙaramin ɗan kasuwa mai gaskiya, ya bar fagen ga mai ƙarfin biyan kowa. A ganina, duk dokar da ta sa masunci ya fi samun tabbacin abincinsa a hannun ɗan ta'adda fiye da hannun hukuma tana buƙatar a sake duba ta.

Ko da kwali ya tsira daga ruwa, da sauran tafiya. Daga Maiduguri zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, ta Binuwai, a gangara Makurɗi, a bi 9th Mile kusa da Inugu inda hanya ke rabuwa zuwa Anacha ko Aba. Shingaye ba su ƙirguwa: na tsaro, na harajin amfanin gona, na ƙananan hukumomi, na ƙungiyoyi. Yawan karɓe-karɓen nan na cikin koke-koken da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta gabatar lokacin da ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 kuma ya sa a lokacin direba ya riƙa lissafin ranar da zai tsallaka Kudu maso Gabas. Kowane kwana da aka ƙara a hanya, ƙwari na cin bandar tana zama gari. Daga nan ne wasu ke faɗawa mummunar ɗabi'ar fesa mata maganin ƙwari, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Duk waɗannan kuɗaɗe da asarori a kan matar da ta je sayen kifin miya a Mile One suke sauka, fushinta kuma a kan Bahaushen da ke zaune gaban kwalin, wanda ribarsa ce mafi ƙanƙanta a sarƙar.

Hukumomin da abin ya shafa ba su yi kaɗan ba. Akwai Hukumar Tafkin Chadi da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, mai hedikwata a Injamena. Akwai Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Baga, wadda rikici ya tilasta mata komawa Maiduguri. Akwai Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙira a Agustan 2023, wadda sashen kifi na tarayya ya koma ƙarƙashinta daga Ma'aikatar Noma. Alƙaluman da jami'ai ke yawan ambata sun ce ƙasar na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da kusan kashi ɗaya bisa uku, ana cike wani ɓangare na giɓin da daskararren kifi daga ƙetare, da kuɗin waje.

A taron ƙasa da ƙasa kan Tafkin Chadi da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018, shirin da ya fi jan hankali shi ne Transaqua, wato haƙa magudanar kilomita 2,400 don janyo ruwa daga yankin Kogin Kwango. Har yanzu ba a sa diga ba. Buƙatar masu kifi na Mile One ba ta kai haka nisa ba: a tsare hanyar Maiduguri zuwa Monguno zuwa Baga, a bayyana a rubuce wane ne ke da izinin ɗaukar kifi da abin da zai biya, kuma takardar da aka ba shi a Borno ta yi aiki a Binuwai da Inugu da Ribas.